Tsarma Gam Don Gyaran Tsagaggen Baka: Ina Iyakar Ruwan?

 

Yau maganar tamu ta bar takarda da biro ta shiga rumfar kafinta. Wani zai ce ina ruwan marubuci da gam da baka? A yi mana haƙuri a karanta zuwa ƙarshe. Da yawa daga cikinmu mun rataya wa jaruman labaranmu kwari da baka, sun yi ta harbi tun daga shafin farko har na ƙarshe, bakan bai taɓa ko ƙara ba. A zahiri kuwa baka ice ne, ice kuma yana tsagewa. Idan ya tsage, akwai wani gyara da ake yi masa wanda muke ganin kuskure ne, kuma kuskuren na iya cin idon mutum.

A hunturun bara mu uku muka je wani ƙauye a kudancin Kano, ta'aziyyar wani tsohon maharbi, kakan ɗaya daga cikinmu. Bayan an watse daga sadakar bakwai, iyalan suka miƙa bakan marigayin ga ƙanin abokin namu, saurayi ne da ke cikin 'yan sintirin garin. Bakan ya daɗe rataye a zaure, ya yi baƙi saboda mai da hayaƙi. Da aka sauko da shi aka ga tsaga a bayansa, sama kaɗan da inda hannu ke kamawa, tsawonta bai wuce ɗan yatsa ba. Muka raka yaron wurin kafinta. Kafintan ya tsiyaya farin gam a gwangwanin madara, ya yi ta zuba ruwa yana juyawa da tsinke har abin ya koma kamar tsararon kunu. Ɗaya daga cikinmu ya ce, "Baba, ruwan nan bai yi yawa ba kuwa?" Ya ɗago ya dube shi ya ce, "Ɗan samari, in ba a tsinka shi ba ta ina zai shiga?" Ya ɗura a tsagar, ya jingina bakan a rana. Kafin la'asar tsagar ta rufe ruf, kamar ba a taɓa yinta ba. Dukanmu muka yaba.

Kwana uku da komawarmu gida aka bugo waya. Yaron ya ɗaura tsirkiya, ya ɗana kibiya, ya ja iya ƙarfinsa, sai bakan ya fashe. Reshen sama ya dawo ya same shi a gira, sai da aka yi masa ɗinki huɗu. Idon dai Allah ne Ya tsare. Hausawa na cewa garin gyaran gira a rasa ido, mu a nan garin gyaran baka ne aka kusa rasa su duka biyun. Bakan da ya girmi mahaifin yaron kuwa ya zama guntaye biyu.

Ba mu kawo labarin don mu ci zarafin kafintan ba. Mutum ne mai sana'arsa, kujerunsa da ƙyamarensa suna nan a gidajen garin ba su motsa ba. Mu ma da muka tsaya a kansa ba mu hana ba, don ba mu sani ba. Sai daga baya muka bi diddigin abin. Ra'ayinmu a taƙaice shi ne: tsarma gam ɗin katako da ruwa mai yawa don ya shiga tsagar baka yaudarar kai ce. Ruwan da gam zai iya sha kaɗan ne ƙwarai, kuma akwai tsagar da babu gam ɗin da zai gyara ta, ko an tsarma ko ba a tsarma ba.

Bari mu fara da gam ɗin kansa. Farin gam da kafintocinmu ke amfani da shi, wanda akasari ake kira Top Bond ko da wani kamfani ne ya yi shi, tun daga masana'anta kusan rabinsa ruwa ne. Ɗaya rabin shi ne ƙananan ƙwayoyin danƙo da ke yawo a cikin ruwan. Idan an shafa, ruwan ya kan bi iska ya bi jikin katako ya tafi, ƙwayoyin su matso su manne da juna su zama fata guda mai riƙe ɓangarorin biyu. Ke nan ruwan ɗan aike ne kawai, danƙon da ya rage shi ke aikin. To mu yi lissafi. Idan ka zuba ruwa daidai yawan gam ɗin, danƙon da yake rabi ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Ka cika tsaga da wannan, in ya bushe kashi uku sun tafi, kashi ɗaya ya rage. Shi ma ɗayan, busasshen ice na hunturu zai zuƙe yawancinsa zuwa cikin jikinsa kamar yadda busasshiyar ƙasa ke shanye yayyafin farko. Tsakanin fuskokin tsagar, inda ake buƙatarsa, sai a bar wayam.

Masu yin gam ɗin da kansu sun faɗi iyaka. Kamfanin da ke yin Titebond a Amurka, gam ɗin da masu sassaƙar baka na can ke yawan amfani da shi, yana gargaɗin kada ruwan da za a ƙara ya wuce kashi 5 cikin 100, in ya wuce ƙarfin riƙon zai ragu. Kashi 5 cikin 100 shi ne cokali ɗaya na ruwa a cokali 20 na gam. Ku kwatanta wannan da gwangwanin madarar da muka gani.

To me ya sa tsagar ta rufe a gaban idonmu? A nan yaudarar take. Ice idan ya sha ruwa kumbura yake yi, kamar yadda ƙyauren katako ke ƙin rufuwa da damina. Ruwan da ke cikin tsararon gam ne ya kumbura leɓunan tsagar suka haɗe. Ido ya ga an warke, alhali jiƙa ce kawai. Da iskar hunturu ta yi aikinta icen ya koma yadda yake, tsagar na nan a ciki, sai ɗan siririn gam a bakinta yana rufa mata asiri. Tsagar da ake gani ta fi wadda aka lulluɓe sauƙi, domin mai ganin tsaga ba zai ja baka har kunne ba.

Sai kuma bakan. Kujera zama ake yi a kanta, nauyi ya danne ta, ƙusoshi da mahaɗai su taya gam riƙo. Baka kuwa duk aikinsa lanƙwasa ne. Yana da fuska biyu. Wadda ke kallon abin harbi ita ce baya, wadda ke kallon maharbi ita ce ciki. Idan aka ja tsirkiya, zare-zaren icen da ke baya miƙewa suke yi kamar igiyar guga, na ciki kuma su matse. Bakan farauta matsakaici na iya buƙatar ƙarfin da ya kai na ɗaga kilo 20 kafin ya cika ja, kuma duk wannan ƙarfin a jikin icen yake taruwa yana jiran a sake shi. In icen ya gaza, ƙarfin bai da inda zai je sai fuskar mai riƙe da shi. Shi ya sa maharba ke zaɓen ice mai tauri da juriya irin su dargaza da ɗunɗu, wasu kuma gora, kuma shi ya sa mai sassaƙar kirki ba ya yarda wuƙarsa ta yanke zaren baya.

Daga nan za mu gane cewa tsaga iri-iri ce. Akwai wadda ke bin tsawon baka, tana tafiya tare da zaren icen. Yawanci bushewa ke kawo ta, musamman da hunturu, lokacin da fatar icen ke rigan cikinsa bushewa. Wannan ba ta yanke zare ba, raba su kawai ta yi, don haka tana gyaruwa. Akwai sartse da ke ɗagowa a bayan baka kamar farce. Idan ƙarami ne kuma an gan shi da wuri, a kan manne shi a naɗe. Akwai tsagar da ta gitta bayan baka, ta yanke zare-zaren. Wannan karaya ce da ba ta ƙarasa ba, gam kuwa ba ya ɗinke zaren da ya tsinke. Akwai kuma ƙananan layuka kamar gashi da ke gittawa a cikin baka, alamar icen ya murƙushe saboda matsi. Su ba rami ba ne balle a ɗura musu wani abu. Tsagar bakan marigayin, da muka tuna da kyau, ta faro ne a tsaye sannan ta karkata zuwa gefe. Ko da gam mai kyau aka sa, wannan baka ya gama aikinsa.

Mun san akwai masu ja da mu, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Za su ce tambayar kafintan tana nan ba a amsa ba: gam mai kauri ba ya shiga tsagar da ko tsinin allura ba ya shiga. Gam mai ƙarfi da ya tsaya a bakin ƙofa, da mai rauni da ya kai ƙurya, wanne ya fi? Mun yarda cewa gam ɗin da bai shiga ba bai yi komai ba. Inda muka saɓa shi ne zaton cewa ruwa ne kaɗai hanyar shigar da shi. Ɗumi yana sassauta gam ba tare da ya rage masa danƙo ba. Buɗa tsagar a hankali yana ba shi hanya. Sirinji yana tura shi. Ruwa dai shi ne hanya mafi sauƙi da araha, araha kuma ba ta ado.

Wasu za su kawo misalin Turkawan daular Usmaniyya da mutanen Mongoliya da Koriya, waɗanda suka shahara da bakan da ake haɗawa daga ƙaho da ice da jijiyar dabba. Gaskiya ne, su sukan tsinka gam ɗinsu sosai, su shafa shi siriri-siriri sau da yawa kafin su haɗa. Amma nasu gam ɗin dabba ne, wanda ake samu ta hanyar dafa guntayen fata ko jijiya ko jakar iskar kifi. Busasshe yake zuwa, ruwan ɗumi ne ke narkar da shi a zafin da ya kai kimanin digiri 60, don haka ƙara masa ruwa ɗabi'arsa ce. Kuma shafe-shafen farko share fage ne, mai kauri yana biyowa a ƙarshe. Wanda ya ɗauki rabin dabararsu ya ɗora a kan farin gam na roba, ya bar ɗaya rabin, bai yi koyi da su ba.

Farin gam yana da wani rauni ma da bai shafi ruwa ba. Idan aka bar shi ƙarƙashin ja na tsawon lokaci, yakan riƙa zamewa sannu a hankali, zafi kuma yana ƙara masa laushi. Mu tuna irin ranar watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, inda zafi ke haura digiri 40, ga baka ɗaure da tsirkiya tun safe a kafaɗar mai gadin gona. Gam ɗin da ba a taɓa shi ba ma yana fama, ina ga wanda aka shayar da shi ruwa.

Wasu kuma za su ce a bar wahala, a ɗiga sufa gulu. Ga siririyar tsaga mai bin tsawo, wannan dabara ce da masu sassaƙar baka da yawa ke yi, domin shi ruwa-ruwa yake tun asali, yana bin tsaga da kansa. Sai dai ba ya cike gurbi mai faɗi, yana bushewa kafin a gama daidaita wuri, kuma in ya shiga ya shiga ke nan, ba a gyara kuskurensa. Shi ma ba ya ɗinke karayar da ta gitta.

To idan tsagar mai gyaruwa ce, yaya za a yi? Ga abin da muke ganin ya dace.

Da farko a kwance tsirkiya, a bar bakan ya huta. A duba tsagar a cikin haske sosai, a bi ta har inda ta ƙare, a tabbata ba ta karkata ta yanke zare ba. Sannan a tsabtace ta. Wannan mataki ne da aka tsallake a gabanmu. Maharba kan shafa wa baka man shanu ko man kaɗanya don kada ya bushe, kuma dabara ce mai kyau, amma gam ba ya kama wurin da mai ya jiƙa. A wanke cikin tsagar da sifirit ɗin da ake samu a kemis, a bar shi ya bushe sarai.

Bayan haka a ajiye bakan da robar gam ɗin a hantsi su yi ɗumi. In har gam ɗin bai sassauta yadda ake so ba, a ƙara ruwa ɗigo-ɗigo, kada a wuce ɗaya cikin 20 ɗin nan. A ɗan lanƙwasa bakan ta yadda tsagar za ta buɗa baki kaɗan, ba da ƙarfi ba, a tura gam da sirinji ko a ja zare mai gam ta ciki. A riƙa buɗawa ana sakewa, tsagar da kanta za ta riƙa zuƙar gam ɗin zuwa ciki. Alamar ya kai ita ce idan an matse a ga yana tsattsafowa daga farkon tsagar har ƙarshenta. Sai a naɗe wurin tam da tsagin robar tif ɗin keke, a ajiye a inuwa kwana ɗaya cur, in da hali biyu. Sa'o'i biyu a rana ba bushewa ba ce.

Sannan sai naɗi, wanda a ganinmu ya fi gam ɗin muhimmanci. Magabata ba su san farin gam ba, amma sun san ɗanyar fata. Sukan jiƙa siririn tsagin fata ko agara su naɗe wurin da ya yi rauni, in ya bushe sai ya tsuke ya kama icen kamar an ƙera masa zobe. Duba tsofaffin bakunan da suka rage a gidajen maharba, za ka ga irin wannan naɗin a jikinsu. Amfaninsa biyu ne: yana hana tsagar ci gaba, kuma ko da bakan ya gaza wata rana, naɗin kan rage tarwatsewar guntaye. A naɗa ya wuce tsagar ta kowane ɓangare.

Na ƙarshe shi ne gwaji, kuma kada fuskar mutum ta zama wurin gwajin. A ɗaure bakan a jikin turke, a ɗaura doguwar igiya a tsirkiya, a koma nesa a ja kaɗan, a sassauta a hankali. A ƙara ja fiye da na farko, a saurara. Duk ƙarar "ƙas" da aka ji, ko yaya ƙanƙantarta, magana ta ƙare. Kada a taɓa sakin tsirkiya babu kibiya, domin ƙarfin da ya kamata ya tafi da kibiyar jikin bakan zai koma. In ya jure ja sau da yawa ba tare da ƙara ba, sai a fara harbi da shi a taƙaice. Daga nan kuma a riƙa kwance tsirkiya duk lokacin da aka dawo gida, a daina rataye shi kusa da murhu ko ƙarƙashin kwanon rufi.

Wani zai ce duk wannan hidima a kan sanda? A sare wata mana. Idan bakan aiki ne, wanda makiyayi ko ɗan sintiri zai dogara da shi da dare, mun yarda da shi ɗari bisa ɗari. Sabon baka ya fi gyararre, kuɗinsa kuma bai kai na ɗinki a asibiti ba. Amma bakan gado wani abu ne daban. Wannan makami yana da tarihi a ƙasar nan. A Tabkin Kwatto a 1804, jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ba su da dawaki masu yawa, maharba ne ƙarfinsu a gaban dawakin Gobir. A Lugu ta ƙasar Nijar a 1899, da kwari da baka mutanen Sarauniya suka tari ayarin sojan Faransa. A Burmi a 1903, kibiya mai dafi ce ta kashe Manjo Marsh, kwamandan sojan Ingila a yaƙin. Har gobe akwai sarautar Sarkin Baka a masarautu da dama. Bakunan da suka ga irin waɗancan kwanaki, ko suka fito daga hannun waɗanda suka gaje su, kaɗan ne suka rage, kuma yawancinsu ba a gidan tarihi irin Gidan Makama na Kano suke ba. Suna zaurukan ƙauye, a hannun jikoki irinmu.

Shi ya sa muke cewa bakan gado da ya tsage a yi masa ritaya. Icen da ya shekara hamsin ko sittin a rataye ya bushe ya yi gautsi, ko babu tsaga bai kamata a ja shi har kunne ba. A tsayar da tsagar don kada ta ci gaba, in da hali da gam ɗin fata, domin shi ruwan ɗumi na iya warware shi idan wani wanda ya fi mu sani ya zo daga baya. A naɗe, a shafa mai, a rataye a inuwa. A tambayi tsofaffin gidan icen me aka yi shi da shi, wa ya sassaƙa, a wane daji ya yi aiki, a rubuta a ajiye. Mun san wasu na da yaƙinin cewa bakan kakansu yana da tsari, ba zai karye ba. Ba mu zo yin gardama da abin da mutum ya gada ba. Amma su kansu tsofaffin da suka rataya masa layu, su ne suka riƙa kwance masa tsirkiya suna shafa masa mai suna naɗe rauninsa da fata.

Yaron nan ya warke, sai tabo a girarsa. Ya sayi sabon baka a kasuwar garinsu, yana fita sintiri da shi. Guntayen na kakansa suna cikin buhu a ƙarƙashin gadon mahaifiyarsa, ta hana a jefar. Duk lokacin da abokinmu ya je gida ya ga buhun sai ya ce da mun sani. Cokali ɗaya a cikin 20, da tambaya ɗaya kafin a fara, shin tsagar bin tsawo take yi ko gittawa, da yanzu bakan yana zaure.

Akwai 'ya'yan maharba da 'ya'yan kafintoci a cikinmu, kuma mun san wasunku sun fi mu sanin wannan fage. Da wane ice ake yin baka a yankinku? Me tsofaffinku ke yi idan ya tsage? In mun yi kuskure a gyara mana, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya tsare mana idanunmu. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.